Haƙorin Injin Shibka da Aka Gina da Zare

Wannan labarin wani manomi ne na ƙasar Agiye. Garinsu yana kudu da babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Agiye da Gazawa. Magidanci ne mai mata biyu da ɗiya tara. Hatsi da wake yake nomawa don cin gida, aya da gujiya kuwa don kuɗi. Kowa ya san ƙasar Agiye da noman aya. Ayar nan tana shiga Najeriya buhu-buhu. Wata ma tana ƙetare teku har ƙasar Sifaniya, inda ake yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya.

Manomin nan yana da injin shibka, irin wanda jaki ko sa ke ja. Gado ne. Mahaifinsa ya karɓe shi bashi a zamanin UNCC, ƙungiyar nan da gwamnati ta kafa a 1962 don taimakon manoma da bashi da kayan aiki. Tsohon ya biya bashin da gujiya har ya ƙare. Injin ya haura shekara 40 a gidan. An sake masa mariƙi, an yi masa walda wuri uku, amma kayan cikinsa na asali ne.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin injin nan ba, ga yadda yake aiki. Idan jaki ya ja, ƙafafun injin suna juyawa. Ƙafafun suna juya wani ɗan ƙarfe mai haƙora, wanda faɗinsa bai fi bakin kofin shayi ba. Shi kuma yana cizon ɗan'uwansa mai haƙora, wanda ke juya faifan da ke cikin mazubin iri. Faifan yana da ramuka. Kowane rami ya ɗauki iri, ya zagayo, ya sake shi cikin layi. Saboda haka duk aikin injin yana rataye ga ɗan ƙarfen nan. In ya tsaya, faifai ya tsaya. In faifai ya tsaya, jaki yawo kawai yake yi cikin gona.

RANAR DA HAƘORIN YA KARYE

A watan Yuni na 2024 aka yi ruwan shibka da dare. Da asuba manomin ya ɗaura wa jaki inji, ƙaramin ɗansa yana ja a gaba. Sun yi layi wajen 30 sai ya ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Bai kula ba, don ƙafafun suna juyawa yadda suka saba. Sai da suka ƙara layi uku ya lura irin da ke cikin mazubi bai ragu ba. Ya durƙusa ya tona layin da yatsa. Ba komi. Ya buɗe cikin injin, ya tarar haƙora biyu sun ɓalle, ɗan ƙarfen kuma ya tsage gida biyu.

Ya nufi maƙera. Sarkin Maƙeran garin sa'ansa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Maƙerin ya juya ɓallin a hannu ya ce, "Wannan aikin kamfani ne. Amma bari in gwada." Ya yanko ƙarfe, ya yini yana goga da magagari. Washegari da azahar ya gama, aka ɗaura. Injin ya yi tafiya, amma haƙoran ba su zo daidai da juna ba. Faifai ya riƙa fizga. Nan iri ya zuba tuli, can a yi taki biyar babu ko ƙwara. Da yamma maƙerin ya duba, ya ga sabon ƙarfen ya fara cin tsohon da yake cizo. Ya ce, "Cire shi. In ka ci gaba, gobe biyun za ka rasa."

Jigawa ba ta jiran kowa. Kwana biyu ko uku bayan ruwa, danshi ya gudu. Duk mai inji a garin yana cikin tasa gonar, ba wanda zai ba da aro. Da maƙwabcinsa ya gama ya ba shi nasa, ƙasa ta riga ta bushe. Sai da aka jira wani ruwan. Ayarsa ta shiga ƙasa kusan mako biyu bayan ta mutane. Ga shi kuwa ya ci bashin taki wurin wani ɗan kasuwa, da alkawarin biya da kaka. Cikin kuɗin ayar nan kuma ya sa ran yin kayan ɗakin ɗiyarsa da za a aurar.

Ya nemi haƙorin a kasuwar Agiye, ya nema a Cadawa, ya aika Maraɗi. Wani ya kawo masa wanda ya yi girma. Wani ya ce ya sayi sabon inji ya huta. Injin tsoho ne, kayansa sun yi wuya.

MAGANAR YARO

A watan Agusta ɗan ƙanensa ya zo hutu. Yaron yana karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Da ya ji labari ya ce, "Baba, akwai wani saurayi a Maraɗi mai wani inji. In aka kai masa abin da ya karye, yana gina irinsa da zaren nailan."

Manomin ya yi dariya ya ce, "Zare? Ƙarfe ya kasa, sai zare? Karatun da ake koya muku ke nan?"

Yaron ya ce, "Baba, gani ya kori ji. Ina ɓallin yake?"

Manomin ya yi shiru, don tun ran nan ya jefa shi bayan rumbu cikin fushi. Uwargida ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin tumatir. Ashe ta tsince ɓallin ta adana, har da haƙoran nan biyu. Ta ce, "Malam, abin da ya shekara 40 yana ciyar da gida ba a jefa shi bayan rumbu."

Daga Agiye zuwa Maraɗi wajen kilomita 80 ne. Suka hau mota, gwangwanin yana cikin aljihun manomin.

INJI MAI GINI KAMAR ZANZARO

Ɗakin saurayin ƙarami ne. Injin yana bisa tebur, girmansa bai fi akwatin rediyo na da ba. A gefensa an rataye zare, an naɗe shi bisa wani babban kwarkwaro. Kaurin zaren milimita 1.75 ne, wato kamar tsinken tsintsiya. Naɗi guda mai nauyin kilo 1 ya fi mita 300 tsawo.

Saurayin ya gaida manomin, ya karɓi ɓallin ya haɗa shi. Ya ƙirga haƙora. Ya auna faɗi, ya auna kauri, ya auna ramin tsakiya da wani ma'auni mai baki biyu. Sannan ya zana abin cikin kwamfuta, ya tura wa injin zanen.

Injin yana da baki mai tsini, ramin bakin milimita 0.4. Yana jawo zaren, ya narkar da shi, ya fitar da shi siriri kamar taliya. Bakin yana yawo bisa wani faranti, yana shimfiɗa narkakken zaren inda zane ya ce. In ya gama hawa ɗaya, sai ya ɗaga kaɗan ya ɗora wani. Kaurin kowane hawa kamar milimita 0.2 ne. Sai an ɗora hawa 5 kafin a sami milimita guda. Manomin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai wannan zanzaro ne." Gaskiyarsa. Yadda zanzaro ke kawo laka kaɗan-kaɗan yana ɗorawa har ɗaki ya tashi, haka injin nan yake yi. Masu boko suna kiransa injin ɗab'in 3D.

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ya ƙago wannan hanyar, ya nemi takardar mallakarta a 1989. Shekaru da yawa injin yana da tsada ƙwarai, sai manyan kamfanoni ke iya saye. A 2005 wani malamin jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara ƙera wani mai sauƙi, ya bazu da zanensa kyauta don kowa ya yi nasa. A 2009 wa'adin takardar mallakar ya ƙare, kuɗin injin ya faɗi. A 2013 a birnin Lome na ƙasar Togo, wani mutum mai suna Afate Gnikou ya haɗa irin injin nan da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar. Ta haka abin ya yaɗu har ya iso ƙananan ɗakuna irin na saurayin nan.

MENE NE NAILAN?

Mutane suna kiran kowace roba nailan, amma ba haka ba ne. Leda daban, buhun taki daban, bokiti daban. Nailan na gaskiya shi ne na zaren ƙugiyar masunta, da gashin buroshin goge haƙora, da ƴan maɗauran nan masu haƙora da makanikai ke ɗaure waya da su. An fara yinsa a Amurka a 1935, a kamfanin DuPont, ƙarƙashin wani masani mai suna Wallace Carothers. A 1938 aka sa shi a buroshi. A yaƙin duniya na biyu aka yi igiyoyi da laimar sauka daga jirgin sama da shi.

Halinsa uku ne suka sa ake yin kayan inji da shi. Yana da tauri, amma in aka buge shi yana ɗan lanƙwasa maimakon ya fashe. Yana da santsi, saboda haka yana jure guga ko ba a sa masa mai ba. Wannan babban abu ne a ƙasar rairayi, don mai yana kama rairayi, rairayin kuma ya riƙa cin ƙarfe. Na uku, fetur da baƙin mai ba su ɓata shi.

Akwai wani zaren da ya fi nailan araha da sauƙin aiki, ana kiransa PLA. Yawanci daga masara ake yinsa. Yana kyau a ido, amma yana fara laushi in zafi ya kai digiri 60. Ƙarfen da ya yini a rana a watan Afrilu yana iya kai wannan zafin. Nailan kuwa sai bakin inji ya kai digiri 250 ko fiye ake iya gini da shi. Ku tuna, a digiri 100 ruwa ke tafasa.

HAƘORI NA FARKO

Ana cikin ginin, manomin ya riƙa jin wani ɗan ƙara daga bakin injin, tsat, tsat, kamar ruwa ya ɗiga cikin tafasasshen mai. Ya tambaya. Saurayin ya ce, "Ba komi, Baba." Bayan awa uku abu ya fito. Fari ne, jikinsa kaushi-kaushi, da ƴan gashi-gashi a tsakanin haƙora. Manomin ya biya. Kuɗin motarsu su biyu ma ya fi kuɗin haƙorin.

A gida aka ɗaura, aka zuba tsakuwa ƙanana cikin mazubi don gwaji, aka ja injin a ƙofar gida. Mutane sun taru. Ba a kai ƙarshen fili ba haƙora uku suka saɓule kamar ɓawon albasa. Aka yi ta dariya. Yaron ya rasa inda zai sa kansa.

Maƙerin shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɓallin ya kai kusa da ido. Ya ga cikinsa da ƴan ramuka kamar cikin masa. Ya ce, "Wannan da ruwa aka gasa shi. Haka tukunya take yi in an sa ta wuta ba ta bushe ba."

Yaron ya koma Maraɗi da ɓallin da maganar maƙerin. Saurayin bai yi musu ba. Ya ce laifinsa ne. Ya bar zaren a buɗe duk damana. Damanar 2024 kuwa kowa ya san irin ruwan da aka yi a jihar Maraɗi, har gidaje suka yi ta faɗuwa.

Ga dalilin. Nailan yana shan ruwa daga iska, ko da ba a jiƙa shi ba. Irin da aka fi amfani da shi, in aka tsoma kilo 1 cikin ruwa ya sha ya ƙoshi, yana iya ƙara wajen giram 90. A iskar damana, yini guda a buɗe ya isa ya ɓata zare. In zare mai danshi ya shiga bakin inji mai zafin digiri 250, ruwan cikinsa sai ya zama tururi ya fashe. Ƙarar da manomin ya ji ke nan. Kowace fashewa tana barin rami, kuma tana hana hawa ya kama na ƙarƙashinsa da kyau.

Saurayin ya aiko cewa zai sake yi kyauta. Manomin ya ce ba ya so, an yi masa dariya sau ɗaya ya isa. Kaka ta zo. Ayar ba ta yi auki ba. Bashin taki ya cinye fiye da rabi. Aka ɗaga bikin ɗiyar zuwa baɗi.

MAƘERI YA TAFI MARAƊI

Cikin hunturu, a watan Janairu na 2025, maƙerin ya zo hira ya ce, "Tashi mu tafi. Ina son in ga zanzaron nan da idona. Kuma in ka bari sai ruwa ya sauka, abin da ya same ka bara shi zai sake samunka."

Suka tafi su biyu. Saurayin ya ji kunya da ya gan su, amma wannan karon ya shirya. Tun daren jiya ya sa zaren cikin wani akwatin busarwa mai zafin digiri 80. Nailan yana bukatar awa 6 zuwa 12 a irin wannan zafin kafin ya bushe. Daga akwatin zaren ke fitowa kai tsaye zuwa bakin inji, iska ba ta taɓa shi. Sauran zarensa duk ya rufe su cikin bokiti mai marfi, tare da ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a ƴar jaka cikin kwalin takalmi.

Maƙerin ya zauna kusa da injin ya fara tambaya, saurayin yana amsawa.

"Yaro, don me ka kwantar da shi? Me zai hana ka gina shi a tsaye?"

"Sarki, kamar icce ne. In za a faskara icce, ta inda jijiyarsa ta bi ake sa gatari. Abin da injin nan ya gina, rauninsa yana tsakanin hawa da hawa. In na kwantar da shi, zaren yana zagaya kowane haƙori, ƙarfin aiki yana bin tsawon zaren. In na tsayar da shi, ƙarfin aiki zai raba hawa da hawa."

"Cikinsa fa?"

"Ana iya barin ciki kamar saƙar zuma don a rage zare da lokaci. Wannan na kayan ado ne. Haƙori sai a cike shi tam."

"Don me ka rufe taga? Ga zafi."

"Nailan yana tsukewa in yana hucewa. In iska ta buge shi, gefensa sai ya ɗaga, ya karkace. Shi ya sa farantin ma yake da zafi, kuma na shafa masa gam."

Maƙerin ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna ramin tsakiya a zanen ya ce, "Nan ne zai fara mutuwa. Sandar ƙarfe ce ke shiga nan tana murɗa shi. Faɗaɗa ramin, ni zan ƙera masa zoben ƙarfe in sa a ciki, in soke su da ƙusa." Saurayin ya yi tunani ya ce, "Sarki, wannan ya fi nawa." Ya gyara zanen.

Injin ya yi aikinsa shiru, ba tsat ko ɗaya. Aka gina guda uku. Jikinsu sumul, suna ɗan ƙyalli. Maƙerin ya ɗauki ɗaya ya fita waje, ya aza bisa dutse ya sauke masa guduma sau biyu. Wurin ya loɓa, amma bai tsage ba. Ya ce, "To, wannan ya gasu."

Da za su tafi saurayin ya ce, "Baba, in kun isa gida, ku jiƙa su cikin ruwa su kwana." Manomin ya ce, "Kai yaro, ba ruwa ne ya kashe na farko ba?" Saurayin ya ce kafin gini ne ruwa yake ɓarna. Bayan gini, ɗan danshi yana rage wa nailan gautsi, ya ƙara masa jure bugu. Yana ɗan kumbura kaɗan, shi ya sa ya bar masa sarari a awo. Maƙerin ya yi dariya ya ce, "Ai kaba ce. Duk mai tufka a Gulbin Kaba ya san sai an yayyafa mata ruwa take lanƙwasa ba ta karye ba."

DAMANAR 2025

Maƙerin ya ƙera zoben ya sa. Tun watan Afrilu aka gwada injin a ƙofar gida, wannan karon da sassafe, ba taro. Iri ya riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, tazara daidai. Da ruwan shibka ya sauka, manomin ya shibke gonar aya da ta gujiya cikin kwana uku, tare da mutane. Maƙwabta biyu ma sun ari injin.

Da aka gama shibka ya buɗe cikin injin. Rairayi ya ɗan ci bakin haƙoran nailan. Tsohon ƙarfen da yake cizo kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Maƙerin ya ce haka ya fi. Gara wanda ake iya sakewa ya cinye, wanda ba a samun irinsa ya tsira. Manomin ya san haƙorin nan ba zai shekara 40 ba kamar na mahaifinsa. Amma yana da na biyu cikin gwangwanin uwargida. Zanen kuma yana cikin kwamfutar saurayin, yana cikin wayar ɗan ƙanensa. Ran da aka bukata, awa uku sun isa.

ABIN DA YAKE IYAWA DA WANDA BA YA IYAWA

Kada mai karatu ya ɗauka zare ya kori maƙera. Nailan ba ya zama hauya, ba ya zama galma, ba ya zama gatari. Ba a sa shi kusa da wuta ko jikin inji inda ya fi zafi. Ba a yin birki da shi, ko wani abin da ran mutum ya rataya a kansa. Rana tana cinsa sannu a hankali, baƙi ya fi fari jure ta. Ruwan batir yana ɓata shi. Kuma in ana samun na kamfani a kasuwa, shi ya fi, don wanda aka zuba a mazubi gaba ɗaya yawanci ya fi wanda aka gina hawa-hawa ƙarfi.

Amfaninsa yana ga ƙananan kayan da suka ɓace daga kasuwa. Faifan injin shibka mai ramuka daidai girman irin da mutum yake so. Abin da igiyar tada injin ban ruwa ke naɗewa a kai, irin na masu garka a Gulbin Maraɗi wajen Tibiri da Gidan Rumji. Mariƙin famfon feshin wake. Haƙorin keken ɗinki. Ga makiyaya kuma, zoben da ke tsakiyar abin da igiyar rijiya ke gudana a kansa. Irin waɗannan ne ke karyewa su bar babban inji a yashe, alhali sauran jikinsa lafiya lau.

Ga abin da manomin yake gaya wa duk wanda ya zo tambayarsa:

1. In abu ya karye, a tsince ɓallin duka a adana. Da shi ake awo. In da hali, a tafi da abin da yake cizo ko sandar da yake shiga.

2. A yi gyara da rani. Lokacin iska ta bushe, zare bai cika shan ruwa ba, kuma akwai sararin gwaji kafin shibka.

3. A tambaya ko zaren nailan ne. A karɓi guntu a lanƙwasa shi sosai. Nailan yana lanƙwasa, PLA yakan karye.

4. A tambaya ko an busar da zaren. A saurari injin. In yana tsat-tsat, a ce a tsaya.

5. A ce a cike cikin tam. A duba jikin abin. In yana da kaushi da ramuka, kada a karɓa.

6. A yi biyu ko uku lokaci guda, don kuɗin mota ya fi kuɗin abin. A roƙi a ajiye zanen.

7. A nuna wa maƙeri ko makanike kafin a ɗaura. Shi ya san inda abu ke fara mutuwa.

Da kakar 2025 manomin ya biya sauran bashinsa. Bayan an ɗaure hatsi aka yi bikin ɗiyar. Sarkin Maƙera ya kawo gudummawar murhu da wuƙaƙe biyu. An aika wa saurayin Maraɗi goro da tiya uku ta aya ta hannun yaron. Injin shibka yana rataye cikin zaure, an rufe shi da buhu saboda ƙura da rana.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya tsare manoma da makiyaya daga asara. Amin.